Deno da Ƙofar da Muke Buɗewa da Hannunmu

A watan Yunin 2018, a wani taron masu rubuta JavaScript a birnin Balin na Jamus, Ryan Dahl ya yi abin da ba kasafai maƙeri ke yi ba. Ya tsaya gaban mutanen da sana'arsu ta rataya a kan abin da ya ƙera, ya shiga lissafa musu aibobinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya ƙirƙiro Node.js a 2009, kuma kan jawabin nasa shi ne abubuwa goma da yake nadama game da Node. Da ya gama nadamar sai ya fito da magani, wani sabon abu da ya raɗa wa suna Deno. Haruffan Node ɗin nan huɗu ya jujjuya, shi ke nan.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ga yadda abin yake. An haifi yaren JavaScript a 1995 domin ya zauna cikin burauza, ya riƙa motsa abubuwa a shafukan intanet. Burauza kuwa kurkuku ce mai kyau: shirin da ke cikinta ba ya iya leƙa fayilolinka, ba ya iya taɓa komai a kwamfutarka sai abin da aka yarje masa. Abin da Dahl ya yi a 2009 shi ne ya ciro injin V8 da Google ta gina wa Chrome, ya fito da shi daga kurkukun, ya ba shi hannu da ƙafa. Daga nan JavaScript ya iya karanta fayil, ya iya buɗe hanyar sadarwa, ya iya zama a kan sabar, wato kwamfutar da ke bayan shafin intanet, yana amsa buƙatun dubban mutane a lokaci guda. Deno ma a kan V8 ɗin ya zauna, sai dai an gina jikinsa da yaren Rust, bayan an fara da yaren Go an canza shawara. Fitowarsa ta farko cikakkiya ta zo ranar 13 ga Mayun 2020.

Na yi shekaru ina aiki da Node kafin in taɓa Deno, kuma har yau ina riƙe da duka biyun. Ra'ayina shi ne, Deno ya gano ciwon da ke damun wannan sana'a fiye da kowa, amma maganin da ya kawo bai kai yadda masu tallarsa ke faɗa ba, kuma rabin laifin namu ne, mu masu amfani da shi.

Ciwon shi ne amana. Babu mai rubuta manhaja a yau da ke rubuta komai da kansa. Kana buƙatar abin da zai tsara maka kwanan wata, ka sauko da fakitin wani, wato guntun shirin da ya riga ya rubuta, daga npm, babban rumbun fakitocin JavaScript. Fakitin nan ya jingina da wasu biyar, kowane cikin biyar ɗin ya jingina da wasu goma. Kafin ka rubuta layi ɗaya na kanka, jakar node_modules, inda ake tara fakitocin, ta cika da kod, wato rubutun shiri, na ɗaruruwan mutanen da ba ka san sunansu ba, ba ka san ƙasarsu ba, ba ka san ko suna raye ba. Kuma a ƙarƙashin Node, yadda aka saba gudanar da shi, kowane ɗaya daga cikinsu yana da ikon da kake da shi a kan na'urarka. Zai iya karanta mabuɗan sirrinka, ya aika da su inda ya ga dama, ya goge abin da ya so. Wasu fakitocin ma ba sa jiran ka gudanar da shirinka, tun a lokacin sauke su suke da damar tayar da nasu umarnin. Mun fitar da JavaScript daga kurkuku, mun ba shi makullin gida, sannan muka ce duk wanda ya zo da shi ya shigo.

Abin ya sha fashewa a idon duniya. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya fusata kan rigimar sunan fakiti, ya janye nasa fakitocin daga npm. Cikinsu akwai left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, wanda aikinsa kawai ya cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel, kayan aikin da masu JavaScript da yawa ke dogara da shi, suka tsaya cak saboda layi goma sha ɗaya. Wannan ma ba mugunta ba ce, fushi ne. Ta 2018 ita ce mai ban tsoro. Mai kula da wani sanannen fakiti, event-stream, ya daina amfani da shi, wani baƙo ya zo ya ce zai taya shi riƙewa, ya miƙa masa. Baƙon ya cusa ɓoyayyen kod da aka auna kan manhajar ajiyar Bitcoin mai suna Copay. An yi makonni ana sauke shi kafin a farga. A watan Satumban 2025 kuma aka yaudari mai kula da chalk da debug, fakitocin da kusan kowane aiki ke ɗauke da su ko bai sani ba, aka saki gurɓatattun sigoginsu. Duk wanda ya ce wannan damuwar masana ce kawai, ya tuna cewa manhajar bankinsa da ta asibitinsa da irin waɗannan tubala aka gina su.

Amsar Deno mai sauƙin faɗa ce: a mayar da shirin kurkuku. Idan ka gudanar da shiri da Deno, ba shi da ikon karanta fayil, ko rubutawa, ko fita intanet, ko leƙa ma'ajiyar da ake ɓoye mabuɗan sirri, sai ka ba shi izini da bakinka. Ka rubuta --allow-read ya samu damar karatu, ka rubuta --allow-net ya samu damar sadarwa. Za ka iya ƙuntata izinin ma, ka ce wannan jakar kaɗai zai karanta, wannan adireshin kaɗai zai tuntuɓa. In ya nemi abin da ba a ba shi ba, sai ya tsaya ya tambaye ka. Umarnin nan da fakitoci ke tayarwa lokacin sauke su, Deno ba ya gudanar da su sai ka ce a yi.

Ranar da na fara ganin amfanin wannan da idona, wani ɗan ƙaramin shiri nake gwadawa mai karanta fayil ya jera abin da ke ciki a tebur. Na ɗauko wani fakiti don ƙawata rubutun da ke fitowa a allo. Ina gudanarwa sai Deno ya dakata, ya ce shirin na neman izinin leƙa ma'ajiyar saitin na'ura. Ni ban rubuta wannan ba. Da na bi sawu sai na tarar ba wani abin ɓoye ba ne, fakitin yana duba ko allona na nuna launi. Amma na daɗe zaune ina tunani. Shekara nawa ina gudanar da irin wannan fakitin, suna leƙa inda suka leƙa, ba wanda ya taɓa ce mini uffan? Deno bai kama ɓarawo ba a ranar, ya dai nuna mini cewa ana zirga-zirga a cikin gidana ban sani ba, kuma wannan kaɗai ya isa in gode masa.

To ga inda gizo ke saƙar. Izinin Deno na shirin ne gaba ɗaya, ba na kowane fakiti daban ba. Da zarar ka ba shirinka damar fita intanet domin ya yi magana da rumbun bayananka, duk fakitocin da ke cikinsa sun samu damar tare da shi. Sabar kuwa, wace ce ba ta buƙatar sadarwa? Wace ce ba ta karanta mabuɗan sirri? Abubuwa biyun da ɓarawo ke nema su ne ainihin biyun da dole ka buɗe kafin aikinka ya tashi. Ƙuntata adireshi yana rage ɓarnar, gaskiya ne, domin wanda ya saci mabuɗi bai da inda zai aika shi in ba a yarje wa adireshinsa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma na zauna na auna harin event-stream da ma'aunin Deno, ban ga yadda zai tare shi ba. Mugun kod ɗin a lokacin harhaɗa manhajar ya yi aikinsa, ya sauya wani fayil da za a tura wa jama'a, kayan harhaɗawa kuwa dole a ba su izinin karatu da rubutu. Sannan akwai izini biyu, na tayar da wani shirin daban da na kiran kod ɗin da aka rubuta da wasu yarukan, waɗanda su kansu masu Deno sun bayyana cewa bayar da su daidai yake da rushe katangar baki ɗaya.

Sai babban laifin, wanda namu ne. Akwai gajeriyar hanya, harafi ɗaya: -A. Ma'anarsa an ba da dukkan izini. Ka leƙa bayanan koyarwa da misalan da mutane ke yaɗawa, za ka yi ta cin karo da shi. Ni kaina na rubuta shi sau ba adadi, musamman in dare ya yi, aiki ya ƙi tashi, Deno kuma na ta tsayar da ni da tambaya ta huɗu. Mutum ba ya son a riƙa katse shi. Duk tsarin tsaron da ya dogara da haƙurin wanda ya gaji, ƙarshensa a zagaye shi. An ƙera mana ƙofa mai ƙarfi, an ba mu kwaɗo, mu kuma muka sa dutse muka tokare ta a buɗe don kada ta dame mu da ƙara. Ban ce a cire -A ba, domin in an cire shi mutane za su jera izinin duka da hannu, abin ya koma gidan jiya. Ina dai cewa wanda ya koma Deno saboda tsaro, sannan yake gudanar da komai da wannan harafin, Node yake yi da sabon suna.

Sauran kyawawan halayensa ba sa buƙatar dogon bayani, duk da cewa su ne ke sa mutum ya ƙaunace shi a aikin yau da gobe. Fayil ɗaya kake saukewa, a cikinsa akwai mai tsara rubutun kod, da mai tsegunta kura-kurai, da mai gwaji, da mai dunƙule shirinka ya zama fayil guda da za ka miƙa wa wanda bai da Deno a na'urarsa. Wanda ya taɓa ɓata yini yana sasanta kayan aiki biyar da fayilolin saitinsu kafin ya fara rubuta abin da ya zo rubutawa, ya san daɗin wannan. Yana gudanar da TypeScript, wato JavaScript da aka ƙara wa alamomin nau'in bayanai, kai tsaye ba tare da wani shiri ba. Sai dai a lura, tun 2022 umarnin gudanarwa ba ya binciken nau'in bayanai da kansa, cire alamomin kawai yake yi ya wuce, sai ka nemi binciken daban. Na ga mutane da dama suna zaton ana duba musu alhali ba a dubawa. Abin da na fi yaba masa shi ne ya zaɓi yin magana da harshen burauza. Yadda ake neman bayani daga intanet a shafi, haka ake nema a Deno, da kalmomi iri ɗaya, saboda haka abin da ka koya a gefe guda yana maka aiki a ɗayan.

Labarin fakitoci shi ne inda Deno ya sha ƙasa, kuma yadda ya sha ta ya cancanci a tsaya a kai. Cikin abubuwan da Dahl ya yi nadama akwai fayil ɗin package.json, inda ake lissafa fakitocin da aiki ke buƙata, da jakar node_modules, da dogaro da rumbu guda na tsakiya. Don haka Deno na farko ya yi watsi da su duka. In kana son fakiti, adireshinsa na intanet kake rubutawa a saman kod ɗinka, Deno ya sauko da shi ya adana. A takarda abin ya yi tsaf. A aikace kuwa, dogayen adiresoshi suka cika kowane fayil, sigar fakiti ɗaya ta riƙa shigowa sau biyu sau uku ta hanyoyi daban-daban, kuma in mai sabar da ke riƙe da fakitin ya rufe ta, ka koma matsalar left-pad ta wata ƙofa. Mafi muni, miliyoyin fakitocin npm, aikin shekara goma na duniya guda, suna can gefe ba ka iya taɓa yawancinsu. Mutane suka gwada Deno, suka yaba, suka koma Node domin a can kayan aikinsu suke.

A ƙarshen 2022 Deno ya fara karɓar fakitocin npm. A watan Maris na 2024 kamfanin da ke tuƙa Deno ya buɗe nasa rumbun na tsakiya mai suna JSR. A watan Oktoban 2024 Deno 2 ya fito yana fahimtar package.json, yana aiki da node_modules. Abubuwan nan da aka tsaya a Balin aka yi nadamarsu, an dawo an shimfiɗa musu tabarma. Wasu na kiran wannan cin amana. Ni ban ga haka ba, na ga mutanen da suka gane cewa gaskiya ba ta isa ta raba jama'a da abin da suka saba da shi ba, kuma na fi girmama wanda ya janye a kan wanda ya kafe har ya mutu shi kaɗai. Amma janyewar ta zo da kuɗinta. Yanzu hanyoyin shigo da fakiti uku ne, na adireshi da na npm da na JSR, sabon shiga kuma in ya nemi bayani zai tarar da darussan zamani uku suna saɓa wa juna. Sauƙin da aka yi alkawari ya ragu. Jituwar da Node ɗin ma ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, musamman ga fakitocin da ke da sassan da aka rubuta da C ko C++, ko masu taɓa lungunan Node da ba kowa ke shiga ba. Yawanci abin zai yi aiki. Ranar da ya ƙi, za ka nemi wanda ya taɓa shiga irin matsalar ka tarar ba su da yawa, domin taron Deno bai kama ƙafar na Node ba. Kuma ta ƙofar npm ɗin nan, duk fakitocin da aka gudo dominsu sun biyo sawu.

Shi kuwa Node bai zauna yana kallo ba. Siga ta 18 a 2022 ta kawo hanyar neman bayani irin ta burauza da kayan gwaji na cikin gida. Siga ta 20 a 2023 ta fara gwada nata tsarin izinin. Daga 2024 ya fara iya gudanar da TypeScript ta hanyar cire alamomin. Da yawa daga abin da Deno ya yi fice da shi, sai ka ga bayan 'yan shekaru ya ɓulla a can. Bambancin da ya rage shi ne, a Deno ƙofar a rufe take sai ka buɗe, a Node a buɗe take sai ka tuna ka rufe, kuma wanda ya san halin ɗan Adam ya san wannan bambancin ba na wasa ba ne. Ta ɗaya gefen kuma ga Bun, wani sabon kishiyar Node da Deno wanda Jarred Sumner ya fara, ya zauna a kan injin JavaScriptCore na burauzar Safari, ya kai siga ta 1.0 a Satumban 2023. Shi bai zo da wa'azi ba, cewa ya yi kawo aikinka na Node yadda yake in gudanar maka da sauri. Maganar sauri ba na ba ta nauyi sosai, domin a yawancin manhajojin da na gani rumbun bayanai da hanyar sadarwa ne ke cinye lokaci, Deno da Node kuma injinsu ɗaya. Amma Bun ya nuna abin da kasuwa ke so, kuma ba tsarki ba ne.

Akwai tambayar da masu rubuta kod ba su cika yi ba, alhali ita ce mai shugabantar kamfani zai fara yi: wa ke riƙe da abin? Node yana ƙarƙashin gidauniyar OpenJS, kuma bai kai nan ba sai da aka yi rigima, wasu suka ɓalle suka kafa nasu reshen mai suna io.js a 2014 saboda ƙin mulkin kamfani guda, aka sasanta a 2015. Deno kod ɗinsa a buɗe yake, lasisinsa na MIT ne, kowa na iya ɗauka. Sai dai kamfani ne ke tuƙa shi, wanda aka sanar da kafuwarsa a 2021, ya kuma karɓi jarin dala miliyan 21 a 2022 ƙarƙashin jagorancin kamfanin zuba jari na Sequoia. Mai zuba jari riba yake jira, ribar kuma ba daga Deno na kyauta za ta fito ba, daga hidimomin da ake sayarwa a kansa ne, irin su Deno Deploy, mai gudanar maka da shirinka a kan sabar kamfanin. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Kamfanin Deno ne ma ya shigar da ƙara a ofishin alamun kasuwanci na Amurka a 2024 yana neman a ƙwace sunan JavaScript daga hannun kamfanin Oracle da ke riƙe da shi a matsayin alamar kasuwanci, aikin da ya shafi kowa amma ba wanda ya ɗauka sai su. Kuma kamfanonin Netlify da Supabase sun gina wasu hidimominsu a kan Deno, wanda ke nuna ba abin wasan yara ba ne. Duk da haka, wanda zai gina manhajar da yake son ta yi shekara goma sha biyar tana aiki, yana da haƙƙin ya tambayi abin da zai faru in lissafin kamfanin ya canza.

Ga yadda na tsayar wa kaina. Tsohon aikin da ke tafiya lafiya a kan Node ba na taɓa shi, domin ƙaura tana cin lokaci kuma ba ta ƙara wa mai amfani da manhajar komai. Sabon ƙaramin aiki, da shirye-shiryen da nake rubutawa don sauƙaƙa wa kaina hidima, da duk wani kod da na samo daga wanda ban sani ba nake son gwadawa, waɗannan Deno nake ba su, kuma a nan ne tsarin izininsa ya fi haskawa, domin shirin da aikinsa karanta jaka ɗaya ne ba shi da hujjar neman intanet. Izinin kuma a fayil ɗin saiti nake rubuta su sau ɗaya, da sunan jaka da adireshi, da rana tsaka lokacin da hankalina ke kwance, don kada dare ya yi in miƙa hannu ga -A. Babban aikin sabar mai ɗauke da fakitoci ɗari uku kuwa, har yanzu ban ga dalilin da ya isa ya raba ni da Node ba. Abin da zai raba ni da shi shi ne ranar da zan iya cewa fakitin rumbun bayanai ya fita intanet, fakitin launin rubutu kuma ya zauna inda yake, a cikin shiri guda. Cikin ukun nan babu wanda ya ba ni wannan tukuna.